Tela da Dattijon da Ya Tsaya Masa

Akwai wani tela a wani gari, yana zaune a gidan haya da matarsa da 'ya'yansa uku, ɗaki ɗaya da rumfa. Ƙafarsa tana kan keken ɗinki, amma zuciyarsa kullum tana cikin wani gida da ba a gina ba tukuna. In ya ɗauki allin da yake zana yadi da shi, sai ka ga ya zana ɗakuna a kan teburin yanka: nan falo, nan ɗakin yara, nan inda za a girke randa. Yakan ji ruwan Agusta yana sauka a kan kwanon gidan, ya ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar tsakar gida, har ya ga inuwar gwaibar da bai shuka ba. Da ragowar yadi ya harhaɗa labule huɗu, aka ninke aka sa a akwati. Taga kuwa ko ɗaya ba shi da ita!

Matarsa takan tsokane shi, ta ce, "Baban Saratu, yau a wane ɗaki muka kwana?"

Shi kuma ya ce, "A na gabas, inda rana take fara leƙowa."

Ana nan, sai aka yi shela cewa an gina ƙananan gidaje a bayan gari. Banki zai biya kuɗin, mutum ya shiga gidansa yana biya kaɗan-kaɗan har shekara goma sha biyar. Tela ya je ya ga ɗaya, ya shafa bangon, ya auna tagogin da tef ɗinsa. Ranar nan ko abinci bai iya ci ba don murna.

Amma fa akwai abin da ya binne. Shekara tara da suka wuce ya ci bashin banki ya sayi keken surfani. Wani dattijon ikkilisiyarsu, Baba Istifanus, shi ya tsaya masa, ya sa hannu cewa in tela ya kasa, shi zai biya. Gobara ta cinye kasuwa, keke ya ƙone, tela ya kasa biya. Maimakon ya je ya faɗa wa dattijon, sai kunya ta kama shi. Ya canza layin waya, ya tashi daga unguwar, har majami'a ya canza. In ya hango dattijon a kasuwa, sai ya faɗa lungu kamar kazar da ta ga shirwa.

To, ku ji wayon ɗan Adam. Tela ya tafi wani banki dabam, ya rubuta sunansa na baftisma maimakon wanda aka san shi da shi. Inda takarda ta tambaya ko ya taɓa kasa biyan bashi, ya rubuta a'a. Sai ma'aikaciyar bankin ta ce ya ɗora babban yatsansa a kan na'ura. Ai kuwa yatsa bai san an canza suna ba.

Ta daɗe tana duban na'urar, sa'an nan ta ce, "Malam, sunanka yana cikin waɗanda suka gudu da bashi. Amma an biya shi tun shekara takwas da suka wuce. Wanda ya tsaya maka ne ya biya. Ka kawo takardar shaidar biya, tana hannunsa, ka kuma samo wanda zai tsaya maka a wannan. Mako biyu gare ka, in ba haka ba a ba wani gidan."

Tela ya fito yana tafiya kamar mai barci a tsaye. Ya rufe ido ya nemi gidan nan nasa na zuci, sai ya ga ƙofar a kulle. Kwana goma sha biyu yana zuwa bakin tsohuwar unguwarsu yana juyawa. A na goma sha uku ya daure, ya yi sallama.

Ya iske dattijon a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa, idanunsa sun yi rauni. A gefe ga turke biyu babu komai a kai. Nan ne dā ake ɗaure shanunsa na noma, tela kuwa ya gane da abin da aka biya bashin. Ya faɗi ƙasa yana kuka, ya ce, "Baba, na ci amanarka."

Dattijon ya gane muryar. Ya ce, "Ɗana, kai ne? Shanun nan na daina kewarsu tun damina ta biyu. Kai ne ban daina ba."

Da tela ya faɗa masa komai, har da zancen sabon gidan, sai dattijon ya shiga ɗaki ya fito da takardar shaidar biyan a cikin leda, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ya miƙa masa, ya ce, "Wannan sabon bashin fa, wa zai tsaya maka?"

Tela ya ce, "Babu, Baba. Wa zai yarda da ni?"

Dattijon ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ce, "Miƙo mini takalmana. Ƙarfe nawa suke tashi a bankin?"

Ma'anar wannan misali ita ce, bashin nan zunubinmu ne, Mai tsaya mana kuwa Yesu Almasihu ne, wanda ya biya da ransa tun ba mu roƙa ba. Za ka iya canza suna, ka canza unguwa, ka canza majami'a, amma Ubangiji ya san yatsan da ya halitta. Abin da yake ba ni tausayi shi ne, da yawa cikinmu muna nan muna laɓe-laɓe saboda bashin da an riga an biya. Muna marmarin gidan Uba, muna kuma gudun Ɗan da takardar take hannunsa. Haba jama'a!

Kada kuma mu tsaya a nan. Na sani a cikin ɗakin sujadar nan akwai wanda yake canza hanya in ya hango wani da ya taɓa yi masa alheri. Kana tsammani kuɗinsa yake jira. Wataƙila sallamarka yake jira, shekarunsa kuma suna tafiya. Ka san ƙofarsa, ka je yau in an tashi daga sujada.