Mantau a Gurbin Iri

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari tun kafin a san gada. Sunansa Mantau. Masunci ne, amma ba wanda ake kirgawa da shi ba. Homar kamun kifi ɗaya gare shi, ita ma duk ɗinki, sai gorar da yake hawa ruwa da ita.

Garin yana bakin wani ɗan rafi, Maikalgo. Daga gindin dutse yake ɓulɓulowa, ya ratsa fadama yana lanƙwasa. Da damina ya tumbatsa har ya ci jaki. Da rani ya tsinke gurbi-gurbi. To, ku saurara ku ji ikon Allah. Kifin nan gaiwa, in ruwa ya janye, sai ta shige laka ta naɗe, wata da watanni ba ci ba sha, tana raye! Tarwaɗa da ƙarfasa ba a ba su wannan ba. Su sai su taru a gurbi guda mai zurfi wanda ba ya ƙafewa, Gurbin Iri. Tun kakannin da suka sari garin aka kafa doka: a yi su ko'ina, ban da nan. Kifin da ya ci rani a ciki shi ke hayayyafa ya cika rafin.

Wata shekara Sarkin Ruwa Jibo zai yi baƙi, manyan masunta daga babban kogi, ba ya so su raina shi. Ya sa aka daka magimfa kwando uku, ganyen nan da ke bugar da kifi ya taso ciki sama, babba da ƙarami.

Da hantsi Jibo da mutanensa suka iso Gurbin Iri za su zuba. Sai ga kan mutum a tsakiyar ruwa.

Jibo ya ce, "Kai Mantau, wanka kake yi ko haukan ne ya motsa?"

"Gadi nake yi, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa ka?"

"Wanda ya sa mahaifinka, Allah ya jiƙansa."

"Fito!"

"Ba na fita. Zuba. In na taso ciki sama ka haɗa da ni a miyar baƙi, sai dai ƙashi ne zalla."

Aka bushe da dariya, Jibo ya juya a fusace. Ya daka tsawa a zuba. Cindo, babban masu ɗaukar kwandon, ya sauke nasa ya ce, "Sarki, kifi ka ce mana. Ba ka ce da mutum ba."

Aka tsaya. Rana ta take, matsattsaku suka manne wa Mantau a cinya. Bai fita ba. Azahar ta yi, bai fita ba. Jibo ya taka gorar Mantau ya fasa, ya karya masa homar, ya rantse bana Mantau ba zai yi su ba.

Mantau ya ce, "Gora tawa ce, ka fasa. Gurbin nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne."

Sai da aka kai magimfa daji aka zubar sannan ya fito. Baƙin Jibo rago suka ci.

Kuna jira in ce an ba shi doki da riga? Ba a ba shi ba. Shekarar nan ciyawa ya yi ta yanka yana sayarwa yana ciyar da iyalinsa. Damina ta faɗi, rafi ya cika da kifi, kowa ya ci, har Jibo. Ba wanda ya je ya gode masa.

Jama'a, amana ba sai an naɗa maka rawani take hawa kanka ba. Abin da aka bar wa 'yan baya, wanda ya ga za a cinye shi yau, shi ne mai gadinsa. Kai da ke zaune nan, akwai rijiya a unguwarku, akwai makiyaya, akwai gonar marayu. Ranar da babba ya miƙa hannu, kada ka waiwaya kana neman wanda zai yi magana. Kai ne. Ka ce a'a, ka tsaya, ko me za a fasa maka.