Babbar Rigar Sarkin Pawa Tanimu

Masu labari sun ce wata ranar kasuwa Sarkin Pawa Tanimu ya shigo mahauta cikin sabuwar babbar riga, yana baza hannuwa. Ya ce, "Mahauta, kuɗin ƙungiya da kuka damƙa mini don sayen firji na zuba su a asusun takardun lamuni. Rigar nan daga rarar watan jiya ce, ladan wahalata. Kaf garin nan ba mai kaina."

Wata ungulu da ta tsufa a kan rufin mahautar ta gyara murya, ta ce, "Ranka ya daɗe, rigarka ta tuna mini labarin Ladidi mai daddawa."

Sarkin Pawa ya ce, "Yaya labarinta?"

Ungulu ta ce, "Ladidi ta dafa kalwa, ta rufe a kwando don ta nuna. Kashegari hannunta ya soma ƙaiƙayi, ta nufi kwandon. Kakarta ta ce, 'Janye hannunki, 'yar nan, kada ki zama Cindo mai zabi.' Ladidi ta ce, 'Me ya yi, Kaka?' Tsohuwa ta ce, 'Cindo ya sa wa kazarsa ƙwan zabi. Kwanci bai kai ba, ya fasa ɗaya don ya ga ko ɗan ya fara zane. Ya tarar da ruwa mai wari. Ya rasa ƙwan ci, ya rasa zabo.' Ladidi ta ce ta ji. Kaka na ba da baya ta buɗe, ta ɗiba. Iska ta shiga, abin bai zama daddawa ba, bai koma kalwa ba."

Sarkin Pawa ya yi dariya, ya ce, "Wawaye biyu. Ina ruwana da su?"

Ungulu ta ce, "Ranka ya daɗe, irin asusun nan da rahusa ake saye, kuma ba ya ba da ko sisi a wata. Yana da ranarsa, ran nan ake biya duka. Mai son fita kafin ranar sai ya sayar yadda kasuwa ta taya. To, rarar wata daga ina?"

Wuƙaƙe suka tsaya. Baba Ilu, dattijon mahauta, ya taɓa bakin rigar, ya ce, "Sarki, firjinmu ne ka saka a wuya?"

Sarkin Pawa ya nemi dariyar ɗazu, ba ta zo ba. Ya ce, "Kaɗan na ɗiba, Baba."



Sai ya tuɓe rigar, ya ninke, ya miƙa wa Baba Ilu. Ya ce, "Gaskiyar ungulu. A kai wa dillali, a mayar da kuɗin. Saura kuwa ba zan taɓa ba sai ranarsa."

Ya tsaya nan gaban kowa, daga shi sai singileti mai huda a ciki, yana rufe hudar da hannu.