Gemun Malam Nomau da Dashen Dandali

An yi wani bunsuru a garin Tudun Marke, ana ce masa Malam Nomau. Gemu gare shi har ƙirji, kullum a taje yake, yana sheƙi. Bakinsa kuwa ba ya hutawa. In ba magana yake yi ba, to tauna yake yi, sau da yawa ma yakan haɗa biyun bai sani ba.

Yana da aboki, wani ƙadangare mai suna Tunau, wanda ke wuni a kan katangar dandali yana shan hantsi. Tunau bai iya musu ba. Kowa ya faɗi magana, gyaɗa kai yake yi. Shi ya sa Malam Nomau yake ƙaunarsa.

Akwai kuma Gwaggo Ladingo, agwagwa mai sayar da koko da ƙosai a bakin dandali. Ita kam in ka faɗa mata magana ɗaya, sai ta mayar maka da cikin kwando.

Dandalin nan shi ne tsakiyar gari. A da akwai wani babban marke a cikinsa, a inuwarsa ake cin kasuwa, ake hira, ake raba gardama. Da iska ta kayar da shi, sai wurin ya koma fili fetal. Rana ta hana tsofaffi zama, masu talla suna narkewa da gumi. Mutanen gari suka haɗu suka dasa mangwaro da darbejiya a dandalin da kuma gefen babban titi. Amma duk dashen da ya fitar da sabon ganye, kafin a ankara an cinye shi, sai tsinke a tsaye. Ga shara ko'ina, kwata ta toshe, ga ƙudaje.

Kowace safiya Malam Nomau yakan biyo babban titi da karan rake a baki, yana tauna yana furzarwa, yana ƙorafi.

"Dubi garin nan don Allah," yakan ce wa Tunau. "Ba a san tsafta ba, ba a san kyau ba. Ni da na je wasu garuruwa, titi kamar ka shimfiɗa tabarma ka ci tuwo. Mu kuwa sai ƙazanta. Ko ba haka ba, Tunau?"

Tunau ya gyaɗa kai.

"Kun gani? Ga shaida."

Yana faɗin haka, wuyansa zai miƙe da kansa zuwa dashen da ke kusa, haƙoransa su yi aikinsu, shi kuwa hankalinsa yana can kan lalacewar gari.

Ƙorafin ya yi yawa har ya kai kunnen mai gari, wani tsohon raƙumi mai haƙuri. Ya sa aka kira shi.

"Malam Nomau, na ji an ce babu wanda halin garin nan ya dama kamarka."

"Ranka ya daɗe, ko abinci ba na iya ci saboda takaici."

"To, daga yau kai ne Sarkin Tsafta. Ka gyara mana dandali da titi, ka kuma gano mai cinye dashen nan."

Malam Nomau ya fito yana shafa gemu, yana taku ɗai-ɗai. Bai zame ko'ina ba sai wurin Gwaggo Ladingo, ya tarar ta watsa ruwan wanke-wanke a kan hanya.

"Ladingo, tattara kayanki ki koma bayan kasuwa. Ke kike ɓata mana dandali."

"Ni? Malam, ruwa na zuba, ban musa ba. Ina kake so in kai shi, kwata a toshe?"

"Kuma ina zargin ke kike cinye dashe."

Ta buɗe faffaɗan bakinta ta nuna masa. "Leƙa ka gani. Da wane haƙorin? In ka samu ko guda, ka cire ka riƙe, na ba ka."

"Ba na gardama da mai koko. Tunau, ba ita ke ɓata wurin nan ba?"

Tunau ya gyaɗa kai.

Haka Gwaggo Ladingo ta kwashe tukunyarta da kaskonta ta koma bayan kasuwa, inda ba kowa ke bi ba. Kokonta ya riƙa kwantai, 'ya'yanta suna shan na jiya.

Sarkin Tsafta bai tsaya nan ba. Ya hana kaji tono a bakin titi, ya hana jakuna birgima a dandali, ya sa aka shafa wa duwatsun gefen hanya farar ƙasa. Kullum kuma da kansa yake zagaya dashen, ɗaya bayan ɗaya, yana sunkuyawa yana dubawa da kyau. Abin da ya ɗaure masa kai, duk wanda ya duba, in ya waiwayo sai ya gan shi ba ganye.

"Ɓarawon nan hatsabibi ne," ya ce. "A bayana yake bi. Ko tsoron gemuna ba ya ji."

Ya koma wurin mai gari a fusace. "Ranka ya daɗe, sai an kafa doka mai zafi. Duk wanda aka kama ya ci dashe, a aske masa gemu a bainar jama'a. In ba shi da gemu, a fige masa wutsiya. Sannan ya share dandali da titi har damina ta fita."

Raƙumi ya dube shi daga can sama. "Malam, ba ta yi tsauri ba? Ko a fara da jan kunne?"

"Jan kunne shi ya lalata garin nan. Ko ɗan cikina ne, a aske shi."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. A yi shela."

Aka yi shela. Aka kuma sa ranar kasuwa za a yi sabon dashe, Sarkin Tsafta zai dasa na farko da kansa.

Ranar, dandali ya cika. Har Gwaggo Ladingo ta zo ta tsaya daga baya, fukafukanta a kugu. Malam Nomau ya dasa wani ɗan mangwaro mai jajayen ganye masu taushi, ya tura masa ƙasa, ya tsaya kusa da shi ya fara jawabi.

"Jama'a, abin da ke damunmu shi ne rashin kunya. Kowa kansa ya sani. Wani zai ga itace ƙarami, wanda jikokinsa za su sha inuwarsa, amma saboda kwaɗayi..."

Wuyansa ya sunkuya. Ganye ɗaya ya tafi.

"...saboda kwaɗayi da mugun hali, sai ya sa baki. Irin wannan ba ɗan gari ba ne."

Wani ganyen ya tafi, wani ya bi shi. Jawabin ya yi daɗi, ganyen ma haka. Kafin ya kai ƙarshe, ɗan mangwaron ya koma tsinke.

Dandali ya yi tsit. Malam Nomau ya ɗauka maganarsa ce ta ratsa zukata. Ya juya zai nuna dashen, ya ga babu komai.

"Wa ya yi wannan? A gabana? A gaban mai gari?"

Gwaggo Ladingo ta ratso taron a hankali, tana rangaji irin tafiyarta, ta tsaya a gabansa.

"Malam, me ke maƙale a gemunka?"

Ya shafa. Ya ciro rabin ganye, ja, da shatin haƙori a jiki. Ya motsa harshe, ya ji ɗanɗanon mangwaro.

"Iska ce ta kawo shi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tunau, kai kana sama, kana ganin komai. Wai ni na ci dashen nan?"

Tunau ya gyaɗa kai.

"Ai kai kowa ya yi magana gyaɗa kai kake yi. Wannan ba shaida ba ce."

"Ranar da ka kore ni shaida ce," in ji Gwaggo Ladingo. "Yau ne ta lalace?"

Mai gari ya ce, "Tunau, buɗe baki ka yi magana."

Ƙadangaren ya buɗe baki. "Ranka ya daɗe, shi ne. Na yau da na jiya da na bara. Ban faɗa ba don ba a taɓa ba ni wurin magana ba."

Malam Nomau ya dubi jama'a, ya dubi tsinken, ya tuna safiyoyin da yake komawa gida a ƙoshe bai san me ya ci ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "wannan jan kunnen da ka ambata, yana nan?"

"Kai ka ce shi ya lalata gari."

Aka kira biri wanzami. Ya wasa askarsa, ya jiƙa gemun, ya kwashe shi tas. Da aka miƙa wa Malam Nomau madubi, ya daɗe yana kallo.

"Ashe haɓar tawa 'yar mitsitsiya ce haka," ya ce. "Duk surutun nan daga ɗan wurin nan yake fitowa?"

Aka fashe da dariya, shi ma ya yi, ko da yake idonsa ya kawo ruwa.

Washegari ya ɗauki tsintsiya. Ya fara daga ƙofar gidansa, ya biyo babban titi. Abin da ya fi tarawa ɓawon rake ne da wanda aka tauna aka furzar, kuma ya san bakin da ya fito. Da ya zo kwata ya tone ta, ya ga rabin abin da ya toshe ta nasa ne. Masu wucewa suna tsokanarsa, "Sannu da aiki, Sarkin Tsafta."

"Ku yi dariya, na ci a yi mini," yakan ce. "Amma Jaki, zo ka ga wannan tarin kashin. Nawa ƙanana ne, kowa ya sani. Kaza, wannan ramin fa? Ba ni da farce."

Jaki ya sunkuyar da kai ya je ya nemo kwando. Kaza ta mayar da ƙasar da ta tone. Wasu kuwa suka sauya hanya don kada a kira sunansu.

Da kansa ya je bayan kasuwa ya ɗauko tukunyar Gwaggo Ladingo a ka.

"Gwaggo, na zalunce ki. Ki yafe mini, ki dawo wurinki."

"Yau kuma Gwaggo ce? Na yafe. Ruwan wanke-wanke kuma gindin dashe zan riƙa kai shi. Amma kai fa? Gemu aka aske maka, ba haƙora ba."

Malam Nomau ya shafa haɓarsa. Ya san gaskiya ta faɗa, don tun safe yake kama wuyansa yana karkata wajen sabon ganye. Ya wuce wurin masu igiya ya sa aka saƙa masa takunkumi. Kullum zai shiga titi sai ya ɗaura abinsa da kansa, ba ya kwancewa sai ya koma gida.

Kafin damina ta fita, dashen ya yi kore shar, ya fi ƙarfin bakin akuya. Tsofaffi suka fara lissafin inda kowa zai shimfiɗa buzunsa in inuwa ta samu. Mutanen Tudun Marke sukan ce takunkumin nan riba biyu ya kawo musu: itatuwa sun huta, kunnuwa ma sun huta.

Darasin wannan labari shi ne, yawancinmu gwanaye ne wajen zagin ƙazantar gari, alhali ledar da muka jefar tana bayanmu. Kafin ka nemi wanda ya ɓata titi, waiwaya ka dubi hanyar da ka biyo. In kuma za ka kafa wa wasu doka, auna ta a kanka tukuna, don wataƙila kai za ta fara kamawa.