Hutun Ista na Malama Rifkatu

Akwai wani shugaban makaranta, Malam Armiya'u, da aka kawo wata sakandaren kwana ta 'yan mata a Ƙaura Namoda. Mutum ne mai son aiki, sai dai ba ya jin ta kowa.

Da hutun Ista ya gabato, sai ya ce 'yan ajin ƙarshe za su ci gaba da darasi saboda jarrabawa.

Malamar lissafi, Malama Rifkatu, ita kaɗai ce Kirista a makarantar. Ta same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, mahaifiyata na kwance a Zuru. Na yi mata alkawarin za mu yi Ista tare."

Bai ko ɗago kai ba. "Ɗalibanmu duk Musulmi ne, Malama. Wane hutu kuma? Ki bari sai an gama jarrabawa."

Ta haƙura ta zauna. Ranar Litinin tana cikin aji aka bugo mata waya, tsohuwa ta cika. Bayan jana'iza ta nemi canjin wurin aiki, ba ta sake dawowa ba.

Da babbar Sallah ta zo, hanya ba lafiya. 'Yan mata goma sha huɗu na Zurmi da Gurbin Ɓore ba su samu tafiya gida ba. Malamai kowa ya watse. Malam Armiya'u ya sauko daga Idi, ya tarar da su jugum a gindin bishiyar bedi, ko wuta ba a hura ba.

Wata ɗaliba, Firdausi, ta ce cikin kuka, "Malam, duk Sallah Malama Rifkatu ke zama da mu. Ita ke yi mana kitso da lalle, ta tashe mu sallar asuba. Tun kafin mu zo haka take yi, shekara tara."

Ya kira Malama Rifkatu a waya, ya nemi gafara.

"Na yafe, ranka ya daɗe," in ji ta. "Sai dai an ce har mahaifiyata ta cika, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ce a duba ko ni ce."

Ya zauna a dandamalin aji, da babbar rigarsa ta Sallah, yana hawaye.

Darasi: Ranar ibadar wani tana da girma a zuciyarsa kamar yadda taka take a zuciyarka. Idan Allah ya ba ka iko a makaranta ko ofis, kada ka raina ta. Ku tura wa shugabanni da malaman da kuka sani.