Barira da Ƙwaƙwalwar Injin Rafin Kanya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A garin Rafin Kanya an yi wani mai gyaran rediyo, Malam Tanimu. Da ya rasu, abin da ya bar wa 'yarsa Barira shi ne wani tsohon akwatin ƙarfe da faifai guda. Aikin akwatin shi ne ɗura karatu a ƙwaƙwalwar inji. Ƙwaƙwalwar nan 'yar baƙa ce, ba ta kai ɗan yatsa ba, ga ƙafafu reras kamar na shanshani. Ita ke gaya wa inji abin da zai yi.

Garin kuwa yana da babban injin ban ruwa, da shi ake noman rani. Wata ranar Talata sai injin ya yi shiru. Tumatir ya fara langaɓewa. Aka kira makanikai, suka ce ƙwaƙwalwar ta ƙone, masu ƙera ta kuma sun daɗe da rufe kamfani.

Sai Barira ta je wajen Alhaji Dantani, shugaban manoman.

Ta durƙusa ta ce, "Baba Alhaji, karatun injin nan yana cikin faifan babana. Ina da ƙwaƙwalwa fanko. A ba ni lokaci in ɗura mata."

Ya ce, "Ke 'yar nan, abin da ya gagari maza?"

Ta ce, "A dai ba ni zuwa ranar kasuwa."

Ya ce, "Je ki."

Sai ta ɗauko tsohuwar kwamfutar mahaifinta. Ta kunna, ta ƙi tashi. Sai ta aro sabuwa wajen malamar makaranta. Ta zo za ta haɗa, sai ta ga wayar akwatin bakinta faffaɗa ne, ita kuwa sabuwar kwamfuta ba ta da irin wannan ƙofa, sai 'yan tsukakkun ramuka. Sai ta hau mota zuwa birni. Shago uku ta shiga ana yi mata dariya, kafin ta samu mahaɗin da ke haɗa babban baki da ƙarami.

Ranar kasuwa ta zo. Alhaji ya ce, "Ina ruwa?"

Ta ce, "Baba, na sami mahaɗi. A ƙara mini kasuwa ɗaya."

Ya yi tsaki ya ce, "Je ki."

Sai ta haɗa. Fitilar akwatin ta kawo ja. Amma kwamfutar ta ce ba ta san wannan baƙo ba. Manhajar da ta zo da akwatin ta tsufa, kuma a rufe take, ba mai ikon buɗe cikinta ya gyara. Barira ta zauna ta yi tagumi. Sai malamar ta ce, "Ƙawata, ai akwai wasu manhajoji da mutane ke rubutawa su bar su a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Duba a intanet."

Sai ta duba, sai ta samu. Ta sauke, ta gwada. Manhajar ta gane akwatin, amma da an fara rubutu sai ta tsaya a rabi.

Ranar kasuwa ta sake zuwa. Barkono ya bi tumatir. Alhaji ya ce, "Ina ruwa?"

Ta ce, "Baba, saura ƙiris. Kasuwa ɗaya kawai."

Bai ce mata je ki ba. Ya dai kau da kai.

Sai ta rubuta wa masu manhajar damuwarta. Kwana biyu shiru. A na uku wani tsoho daga wata ƙasa mai nisa ya amsa. Ya ce shi ma yana da irin akwatin. Ya ce mahaɗin zamani ya cika gaggawa, tsohon akwati kuwa sai a hankali. Ya nuna mata layi uku da za ta sauya a cikin manhajar. Bai santa ba, bai nemi komai ba.

Sai ta sauya. Ta danna. Rubutu ya tafi, ya tafi, har ƙarshe. Fitila ta kawo kore. Ta sake karantawa, komai daidai.

Ranar ma jajibirin kasuwa ce. Ta naɗe ƙwaƙwalwar a gefen mayafi ta ruga fadama. Tun daga nesa take jin ƙarar guduma. Da ta isa, sai ta tarar da 'yan gwangwan sun farfasa injin. Sun zare jan ƙarfen cikinsa, suna lodi a kurar turawa.

Ta ce, "Baba Alhaji, ai gobe ne kasuwa!"

Ya ce, "Yau masu saye suka zo. Mun gaji da jira. An ce gwamnati za ta kawo sabo."

Ta kwance mayafi ta nuna masa. Ta ce, "Ga ta. Ta yi."

Ya leƙa ya ce, "Wannan 'yar abar? To, ki ajiye kayanki."

Allon injin da za a dasa ƙwaƙwalwar a kansa yana ƙasa, an taka shi ya rabe biyu. Barira ta tsuguna ta ɗauki rabin, ta juya shi, ta mayar. Ba ta yi kuka ba.

Da ta koma gida, sai ta ga saƙon tsohon nan: "Yaya, ruwa ya zo?" Sai ta rubuta, "Manhajarku ta yi aiki. Na gode." Ta aika wa masu manhajar gyaran don wani ya amfana.

Sabon inji kuwa, rani huɗu ana jira. Samarin garin suka watse birni neman aiki. Ita ma Barira ta ɗauki akwatinta ta tafi, wani gari ya karɓe ta. Da manoman suka ga uwar bari, suka aika a kira ta ko da dabara. Ta ce wa ɗan aiken, "Ka gaishe su. Ka ce abin da aka fasa da guduma ban iya ɗura masa karatu ba."

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya. Ku dai in kun ba mai gyara rana, ku jira ranar ta cika kafin ku ɗauko guduma. Ku tashi ku kwanta.