Telan da Bai Kunna Ashana Ba

An yi wani mutum, tela ne, kuma ya iya aikinsa. Ba zan rage masa wannan ba. Yana da wata ɗabi'a da duk layin teloli suka san shi da ita. In aka kawo yadi, sai ya zare ɗan zare daga gefe, ya kunna ashana ya ƙona shi. Auduga ci take ta zama toka, ka murza ta watse. Yadin roba kuwa narkewa yake, ya dunƙule, ya manne wa yatsa. Har ake ce masa Mai Ashana.

Wata rana wani mai gidan burodi ya zo yana son a ɗinka wa ma'aikatansa riguna iri ɗaya. Ya ce, "Mutanena a bakin wuta suke wuni. Ba ado nake nema ba. Abin da zai sha gumi, wuta kuma ba za ta cuce su ba." Tela ya ɗauko farar auduga mai kauri, ya ƙona zarenta a gabansa, ya hure tokar. Suka yi musabaha.

Da tela ya je kantin yadi, mai kanti ya jawo masa wani bandir, fari tas, ba ka bambanta shi da na farko, ga araha. Ya ce, "Rabinsa roba ne, amma wa zai sani? Masu burodi fulawa suka sani." Ashana tana aljihun tela. Bai fito da ita ba. Me zai gwada, alhali ya riga ya sani?

Ya yanka, ya ɗinka, ya goge, ya kai. Aka yaba ɗinki.

Ana nan sai ƙanen telan, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci da iyali, ya sami aiki a wannan gidan burodi. Aka sa shi a bakin tanderu, aka miƙa masa riga. Yakan biyo ta shago in an tashi, ya zauna a benci yana sosa wuya, ya ce, "Yaya, wannan riga taka, ai kafin burodi ya gasu ni na gasu." Tela yakan ce, "Raki ne da kai tun kana yaro."

Ya yi tunanin sauya masa riga. Amma in ya sauya ta mutum ɗaya, sauran za su tambaya. Sai ya yi shiru. Ya 'yan uwa, cutar farko kwaɗayi ne ya jawo ta. Wannan shiru kuwa shi ya zaɓa, idonsa biyu.

Wata safiya ƙanen ya buɗe bakin tanderu, harshen wuta ya lashi hannun rigar. Da auduga ce, da babbakewa kaɗan za ta yi, a kaɗe ta a wuce. Wannan narkewa ta yi, ta bi hannu da ƙirji ta manne. Abokan aikinsa suka ja, fata ta biyo. Ya rayu, amma hannun damansa bai ƙara miƙewa ba.

Mai gidan burodi bai yi hayaniya ba. Ya ɗauko riga ɗaya, ya zo layin teloli da tsakar rana, ya tsaya a ƙofar shago, ya ce, "Mai Ashana, ara mini ashanarka." Ya ƙona bakin rigar, ta ɗiga baƙi a ƙasa. Kekunan layin suka yi tsit.

Daga nan masu kaya suka riƙa zuwa suna karɓar yadinsu, ɗinkakke da wanda ba a taɓa ba. Ba wanda ya zage shi. Hanya kawai aka sauya. Tsohuwar da ta haifi telan ta ɗaure zannuwan da ya ɗinka mata ta aika masa da su. Da ya je ya durƙusa yana cewa bai san ɗan'uwansa zai shiga wurin ba, sai ta ce, "Da ɗan wata ne ya ƙone, da ka yi barcinka ke nan?"

Yanzu aiki ɗaya ya rage masa. Tabon ƙanensa ba ya son komai sai auduga mai laushi, shi ke ɗinka masa riguna masu buɗaɗɗen gaba. In ya kai, matar ƙanen takan tare shi a ƙofa, ta zare zare, ta kunna ashana. Shi kuma ya tsaya da furfurarsa yana jiran toka.

Ya 'yan uwa, na gaji da wannan magana, amma dole in maimaita. Wanda ya kawo maka aikin da bai sani ba, jikinsa ya damƙa maka, da jikin mutanensa. Tela, magini, mai gyaran mota, mai sayar da magani, duk da ku nake. Kana cewa wa zai sani? Kai ka sani. Wanda ya halicce ka ya sani. Kuma ba ka san wuyan da rigar za ta faɗa ba.

Ka nuna abin da za ka bayar, ka bayar da abin da ka nuna. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba, a kai wa wani.

Allah ya kiyaye mu daga cin amanar da ba a gani, ya kiyaye 'yan uwanmu daga sharrin hannunmu. Amin.