Kujerar Marigayiya Gambo

Ku matso ku raba wannan gardama, don gidan Malam Ɗantani mai ɗinki a Gusau an daina cin tuwo a kwano ɗaya.

Malam yana kan keken ɗinki zuciyarsa ta tsaya cak. Babban ɗansa, Tasi'u, ya kwantar da shi ya yi ta danna masa ƙirji har asibiti. Ya karya wa tsohon haƙarƙari, amma zuciya ta tashi.

Zuciya ta tashi, mai ita bai farka ba. Ƙannen Malam suka zo da mota, wai a mai da shi gida ya cika a ɗakinsa, Tasi'u ma ya yarda. Barira, mai bin Tasi'u, ta tare ƙofa. Ta ce, "Baffa, ku gafarce ni, ba inda za shi sai an sa masa na'urar nan mai karanta motsin ƙwaƙwalwa." Aka manna wayoyi a kansa. Likita ta ce idan zanen da ke gudu a allo ya amsa sauti, akwai kyakkyawan zato.

Aka tafa, aka kira sunansa, zane bai kula kowa ba. Sai auta Zinatu ta sunkuya a kunnensa, ta shaƙe murya irin ta mahaifiyarsu marigayiya Gambo: "Malam, kwanciya ka samu? Ɗinkin mutane fa, ni zan yi maka?" Zane ya zabura. Likita ta ce a bar mata majinyacinta, baffanni suka koma da motarsu.

Da Malam ya buɗe ido, Gambo ya fara nema. Aka gaya masa gaskiya, cewa muryar Zinatu ya ji. Sai ya ce kujerar Makka da ya tanadar wa Gambo kafin ta rasu, wanda ya dawo da shi duniya zai ba wa.

Tun ranar Tasi'u ke yawo yana murza kafaɗa, yana cewa, "Da ban danna ba, gawa za ku yi wa wasan kwaikwayo." Barira ta ce, "Yaya, da an bi ta taka, da kai ka tuƙa motar baffa." Zinatu kuwa sai ta ce, "Duk kun kira shi, wa ya amsa wa?" Su biyun suka haɗa baki: "Inna ya amsa wa, ba ke ba."

To, jama'a, kujera ɗaya ce. Wa zai hau ta?